Kwana Uku Maman Ƙarami Ba Ta Yi Sallama Ba

Daga: Maman 'Yar Baba, tela,
Mamba mai lamba 214, Zauren Iyaye na Intanet.

Zuwa ga: Shugabar Kwamitin Ladabtarwa,
Ƙungiyar Iyayen Yara Masu Farfaɗiya.

Laraba, 12 ga Maris, 2025.

Game da: Dakatar da ni bisa laifin zagi, da kuma yadda aka bar wata shawara mai haɗari a zaure.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka.

1. Ranar Litinin, 3 ga Maris, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wata sabuwar mamba mai amfani da sunan Maman Ƙarami ta yi tambaya a zaure. Ta ce ɗanta shekararsa huɗu, wata biyar bai faɗi ba, amma maganin asibiti na sa shi barci da kasala, maigidanta kuma ya fara cewa a daina. Wani mamba da ake kira Dattijo ya amsa mata. Ya buɗe da sallama, ya kira ta 'yata, ya yi wa yaron addu'a mai tsawo, sannan ya ce ta tsayar da maganin gaba ɗaya a rana guda, domin ƙwayoyin nan dakushe ƙwaƙwalwa suke yi.

2. Ina kan keken ɗinki na karanta. Na rubuta mata cewa kada ta kuskura, likita ne kaɗai ke rage wannan magani, shi ma a hankali. Na gaya mata ni na taɓa jin irin wannan shawara shekara shida da suka wuce, na bi. Kwana tara da dainawa 'Yar Baba ta faɗi a kicin kan tukunyar ruwan zafi, kuma har yau yatsunta biyu na hannun dama ba sa miƙewa. Wannan ne ya cika layi goma sha ɗaya na farkon saƙona. A layi na sha biyu na kira Dattijo jaki, na kuma ambaci mahaifinsa, wanda bai yi mini komai ba. Ba na musun wannan. Ni ma uwata ba haka ta rene ni ba, kuma na ji kunya.

3. Cikin minti huɗu mai kula da zaure ya goge saƙon dukansa bisa Doka ta Uku, ya dakatar da ni kwana talatin. Daga baya na fahimci yadda yake aiki: yana da jerin kalmomi arba'in da aka haramta, su yake dubawa. Saƙona na da biyu daga ciki. Na Dattijo ba shi da ko ɗaya, don haka yana nan daram, har mutum goma sha bakwai sun danna masa alamar yabo. Da girmamawa nake tambaya, ranki ya daɗe, ko almakashin kwamiti ba ya iya yanke layi ɗaya ya bar sauran. Mu a shago idan hannun riga ya ɓaci, hannun muke warwarewa.

4. Wanda aka dakatar yana iya karanta komai, amma ba ya iya rubutu, kuma maɓallin kai ƙara ma ba ya yi masa aiki. Haka na zauna ina kallo. Mace ɗaya ce ta rubuta a gajarce cewa a tuntuɓi likita, gaisuwar safe ta binne maganar. Sauran, tun da suka ga abin da ya same ni, kowa ya kama bakinsa, sai addu'o'i da hotunan furanni. Ranar Juma'a, 7 ga Maris, Maman Ƙarami ta gode wa Dattijo, ta ce daga ranar ta daina ba da maganin. Na karanta wannan ina riƙe da wayar kamar in shige cikinta. Ranar Lahadi, 9 ga wata, ta ce yaron ya wartsake, yana ta guje-guje.

5. Don kada a ce ban bi hanya ba, ga hanyoyin da na bi. Doka ta Tara ta ce mai ɗaukaka ƙara ya kawo mambobi biyu su tsaya masa. Doka ta Bakwai kuwa ta hana musayar lambar waya da sunan gaskiya, kuma shekara uku ina kiyaye ta, saboda haka ban san kowa ba sai da laƙabi, ban kuma da bakin da zan roƙe su a zaure. Na sa ƙanwata ta nemi rajista, aka ce sai da katin asibitin yaro mai ciwon, kuma tantancewa mako biyu ce. Na je ofishinku shekaranjiya Litinin, magatakarda ya ce kwamiti sai ƙarshen wata yake zama, in rubuto takarda. Jiya Talata, ranar ganin likitan yara, na je asibiti na bi benci benci ina tambayar duk matar da na gani da yaro ɗan shekara huɗu ko ita ce Maman Ƙarami, har ma'aikaciyar jinya ta ce ina takura wa mutane, in fita. Ban ma san ko asibitinmu ɗaya ba.

6. Tun ranar da ta shigo zaure, Maman Ƙarami ba ta taɓa fashin sallamar safe ba. Litinin ba ta yi ba, Talata ba ta yi ba, yau ma har ƙarfe goma shiru. Mai yiwuwa wayarta ce ta lalace, ina fatan haka ne. Amma ina jin tsoro, kuma jiya na yanka yadin wata mata ba daidai ba saboda hankalina ba ya jikina.

Bisa ga haka, ina roƙon a cire shawarar Dattijo, a kuma duba yadda ake auna saƙonni idan kwamiti ya zauna. Batun dakatarwata a bar shi yadda yake, a ƙara wata guda a kai ma na yarda. Abin da ba zai jira ƙarshen wata ba shi ne wannan: lambar Maman Ƙarami tana cikin rajistarku. Ba na neman a ba ni. Ina roƙon wani daga ofishinki ya kira ta yau, ya ce ta kai yaron wurin likita yau ɗin nan, ta faɗa masa ranar da ta daina maganin.

Na rufe shago, da hannuna zan kawo wannan takarda. Zan zauna a bencin da ke ƙofar ofishinki, na kuma yi alkawari ba za a ji ko kalma ɗaya mara daɗi daga bakina ba. Ba zan tashi ba sai an ce mini ta ɗauki wayar.

Ki huta lafiya, ranki ya daɗe.

Taki cikin ladabi da biyayya,

Maman 'Yar Baba
Mamba mai lamba 214 (a dakace)