Farar Rigar Ɗiyar Nkechi

Inna,

Gaisuwa daga nan garin Anaca. Yaya ƙafar Baba, yaya albasarmu ta Danchadi? Muna lafiya, kewa ce kawai, ita ma da sauƙi.

Nkechi, maƙwabciyata da ta yi mini wankan jego da ba ki samu zuwa ba, ta haihu. Ƙarshen wata za a yi wa ɗiyar baftisma a cocinsu. Na tambaye ta batun rago da wanzami, ta yi dariya, wai ruwa ne da kyandir da farar riga. Ta so in zama uwar baftisma, Fada, limamin cocinsu, ya ce sai 'yar Katolika. Ni ma na san iyakata, sai na karɓi ɗinkin rigar.

Ki aiko mini gero da kanwa a motar albasa, in dama mata kunu. Ita ma uwarta tana nesa.

Ɗiyarki,
Kausar