Haidar Ya Samu Wurin Raino

Sentul, Kuala Lumpur
9 ga Maris, 2006

Umma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da su Walida. Yaya ƙafar taki? Mu lafiya lau, maigidan yana ta fama da karatu.

Ban gaya miki ba, saura kaɗan in bar makarantar ɗinkin nan. Wuraren raino sun fi ƙarfinmu, sai nake tafiya da jikanki Haidar, har ranar da ya kai hannu wajen allurar keke. Bai ji ciwo ba, kada hankalinki ya tashi. Malamarmu ta ce, "Hureira, daga gobe ke kaɗai za ki zo." A bas na yi kukana.

Ashe da kanta ta kai sunana wurin matan masallacin unguwarmu, masu rainon 'ya'yan ɗalibai marasa hali kyauta. Yanzu can yake wuni, ni kuma na gama rigata ta farko.

Sai dai in yana jin yunwa, "makan" yake cewa, wato cin abinci da yaren mutanen nan. Don Allah ki yi masa hira a kaset ki ba mai tahowa, ya riƙa jin Hausar kakarsa.

A sa mu a addu'a.

'Yarki,
Hureira