Ranar Da Kika Yi Barci A Cikin Mayen Ƙarfe

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa tun gashina yana baƙi, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, uwar 'ya'yana, kakar jikokina, jarumar gidana!

Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin bakina. Kin san halin bakin nan nawa. In na zo duba ki a ɗakin mata na asibiti, ba ya wuce "ya jiki" da "Allah ya ƙara sauƙi", ga mata a kan gadaje sun zuba mana ido, ga lokacin ziyara gajere kamar inuwar tsakar rana. Shi ya sa na zauna a kan bencin shago na ɗauki biro. Ki sa tabaranki ki karanta da kanki, kada ki ba babbar 'yarmu ta karanta miki, don Babba ta yi mini dariya a makon nan har ta gaji. Ke kika tura ni makarantar yamma da furfura a gemuna. To, yau ga ribarki ta iske ki har kan gado.

Ina alfahari da ke, farin watana! Wallahi ƙirjina ya yi mini kaɗan! Babu wanda ban ba labarinki ba a layinmu. Na ba tela, na ba mai faci, na ba mai kanti, har wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya sai da ya ji. Wa yake da mace irin tawa? A ina aka taɓa jin tsohuwar da ta shiga cikin abin da ke sa ƙarti kuka, ta mayar da shi ɗakin barcinta?

Kin tuna yadda abin ya faro. Ciwon nan ya sauko daga bayanki ya kama ƙafarki ta hagu, ke da ba kya iya zama wuri ɗaya, ke da tafiyarki take kamar iskar hadari, sai ga ki kina bin bango kafin ki kai ƙofar ɗaki. Na rasa abin da zan yi miki. Sai na tuna shagon waldana da ɗakinki bango ɗaya ne ya raba su, kuma shekaru arba'in da ɗoriya kina leƙowa ta taga kina cewa, "Sarkin Hayaniya, ka bar mutane su ji da ransu!" Na ce to, ga abin da zan iya. Na rataye guduma, na naɗe wayar injin walda, na sa kwaɗo a ƙofar shago. Gida ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ina tafiya da sanɗa a tsakar gidana, ina jin na yi miki babbar kyauta. Na lura barcin ranar da kika saba ya ƙaurace miki, kina kwance idonki biyu kina kallon rufi, amma na ɗora laifin a kan ciwo.

Da likita ya ce ba zai taɓa bayanki ba sai ya ga abin da ke ciki, ya tura mu wurin hoton da suke kira MRI, kin san yadda zuwan farko ya ƙare. Kika kalli injin nan, fari, ƙato, da rami a tsakiyarsa, kika ce, "Wannan ai kabari ne aka sa masa fitila." Ko kunna shi ba a yi ba kika sa aka fito da ke. Muka dawo gida kika rantse ko da ɗaure ki za a yi ba za ki koma ba. Ban ga laifinki ba, zumata. Amma ban ga mafita ba, don in babu hoton babu magani, in babu magani ƙafar nan sai ƙara mutuwa take yi.

Sai ƙaramar 'yarmu, Auta, ta haihu! Allah ya ba mu wannan 'yar jika mai kumatu kamar gajimare, mai hannu kamar sabon ganye. Aka ɗora miki ita a cinya, kika sunkuya za ki juya ta baya yadda kika yi wa duk jikokinmu, sai bayan ya ƙi. Na ga fuskarki a lokacin. Ba ki yi kuka ba. Kika miƙa wa Auta 'yarta, kika gyara ɗaurin ɗankwalinki, kika ce, "Ku mayar da ni wurin injin nan." Kai! A ranar na san ba mace kawai na aura ba, dutse na aura mai fitar da ruwan sanyi.

Na yi miki alkawari zan shiga tare da ke in riƙe miki ƙafa, ko ba haka ba? Na je da niyyata. Aka sa kika tuɓe duk wani ƙarfe da ke jikinki, 'yan kunne, zobe, 'yar allurar ɗankwali, har zanen da ke da zare mai walƙiya, aka ba ki rigar asibiti. Ma'aikaciyar wurin, yarinya mai fara'a, ta bayyana mana cewa injin gaba ɗayansa mayen ƙarfe ne, mai ƙarfin da zai fizge makulli daga aljihun mutum. Na zazzage aljihuna tas ina murmushi. Sai ta ce, "Baba, mene ne sana'arka?" Na buga ƙirji na ce, "Walda, 'yata." Ta ce, "Ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonka?" Kafin in buɗe baki kika karɓe, "Idon nasa ai rabinsa ƙarfe ne." Yarinyar ta ce, "To Baba, iyakarka bakin ƙofa. In akwai saura a ciki, injin zai motsa shi." Haka aka yi mini, hasken raina. Sana'ar da na ciyar da ke da ita, ita ta tare ni a ƙofa ranar da kika fi bukatata. Babba ta shiga a madadina. Ni kuwa na zauna a benci da 'yan kunnenki a tafin hannuna, da sauran ɗuminki a jikinsu.

Abin da ya faru a ciki, kin ba ni rabi, Babba ta ba ni rabi, ni kuma na haɗa su na yi musu walda a zuciyata. Ɗaki mai sanyi kamar gindin randa. Gado siriri, da ƙyar ya ɗauki faɗin kafaɗunki. Aka sa miki matashi a ƙarƙashin gwiwa, aka toshe miki kunnuwa, aka damƙa miki 'yar ƙwallon roba aka ce in kin ji ba za ki iya ba ki matsa. Aka ce kada ki motsa, ko ƙaiƙayi ya kama ki ki bar shi ya gaji ya tafi. Ke! Ke da ko a hoton biki sai an roƙe ki ki tsaya! Gadon ya fara zamewa da ke a hankali, hasken ɗaki ya koma baya, rufin ramin ya matso har kina jin numfashinki yana dawo miki a fuska. Kika ce zuciyarki ta riƙa bugawa kamar kurciyar da aka kama a hannu, babban yatsanki yana kan ƙwallon, saura ƙiris.

Sai injin ya fara.

Ni ma ina jinsa ta bayan ƙofa. Ƙwanƙwasa ce da farko, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai gwada ƙarfe kafin ya sa ƙarfi. Sai ta koma duka ba ƙaƙƙautawa. Sai ya yi shiru, ya dawo da wani gurnani irin na injin gugar ƙarfe, sannan wata ƙara siririya mai shiga haƙori. Na dafe kai. Na ce shi ke nan, matar da ta tsani hayaniya duk rayuwarta an sa ta a cikin tukunyar hayaniya, yanzu ƙofa za ta buɗe. Na zuba wa ƙofar ido, ina jira, ina jira. Ba ta buɗe ba!

Ashe a ciki wani abu daban ke faruwa. Kika ce da dukan ya kankama sai kunnenki ya gane shi. Kika ce a ranki, wannan ai gudumar tsohona ce yana miƙe rodi. Da gurnanin ya zo kika ce, yanzu kuma ya koma gugar ƙyaure. Yatsanki ya saki ƙwallon ba ki sani ba. Kika lumshe ido, sai ga ɗakinki, ga labule yana kaɗawa, ga rana ta karkata, ga ƙaurin ƙarfe yana shigowa ta taga, ga ni a bayan bango. Ma'aikaciyar ta yi magana ta lasifika, "Mama, kina lafiya?" Shiru. Ta sake tambaya. Abin da ya amsa mata, in ji Babba, minshari ne, mai daɗi, mai tsari, irin wanda rabon da a ji shi a gidanmu tun ranar da na sa kwaɗon nan. Babba tana riƙe da ƙafarki tana dariya ba sauti, hawaye yana zubo mata.

Da aka jawo gadon kika buɗe ido, me kika ce? "Har ya tashi daga aiki?" Aka turo ki a keke zuwa inda nake, na miƙe, kika harare ni hararar nan taki da ta fi mini murmushin duk matan duniya, kika ce, "Sarkin Hayaniya, ashe kai ka kashe mini barci. Wa ya aike ka ka rufe shago?" Wayyo, raɓar safiyata! Ni ina ta lallaɓa shiru ina kawo miki, ashe shirun ne ke gaya miki babu lafiya a gida. Ke kuma kika haɗiye, don kada ki raina kyautata. Dubi tsofaffi biyu, kowa yana cutuwa don ya kyautata wa ɗan'uwansa! Wace bishiya ce ta san daɗin iska sai ranar da iskar ta tsaya?

Hoton kuwa ya fito tas. Likita ya ce da kowa zai kwanta kamar yadda kika kwanta, da aikinsa ya yi sauƙi. Ya juyo mana allon, sai ga ƙashin bayanki a jere, gaɓa bisa gaɓa kamar karan rake. Ya nuna inda ɗan matashin da ke tsakanin gaɓoɓi biyu ya zame ya danne jijiyar ƙafa. Babu ƙari, babu mugun abin da muke tsoro muka kasa faɗa wa juna. Shi yana bayani, ni ina kallo. Bayan nan ne ya goyi Babba, ya goyi Auta, ya goyi duk na tsakaninsu, ya goyi gidana lokacin da aiki ya yi ƙasa. Mutane suna yabon fuskar masoyiyarsu, ni na ga ƙashin tawa, kuma na rantse har shi kyau gare shi! Wane saurayi ne zai ja da ni?

Yanzu ga roƙona, kuma saboda shi na ɗauki biron. Babba ta gaya mini bayan an ba ki gado a asibitin, da likita ya kawo maganar tiyata kin juya fuska bango kin ce jarumtarki ta ƙare a cikin injin, a bar ki haka. A'a, tauraruwata, ba ta ƙare ba. Ni na san ƙarfe, na san wanda ya gaji da wanda ya ɗan lanƙwashe kawai. Naki ba karaya ba ce, gyara ne, kuma mai gyaran ya ga wurin da idonsa saboda ke kika ba shi dama. Za ki haye kogi ki tsaya a bakin ƙorama? Na sani akwai tsoro. Ni ma ina jinsa, yana kwana a ƙirjina kamar garwashi. Na sani can ma ba za su bar ni in shiga ba. Amma duk bencin da ya fi kusa da ƙofar, a kansa za a same ni, kuma ba zan tashi ba sai an turo ki kin harare ni.

Na cire kwaɗon. Jiya Auta ta zo gida da jaririyar tana ta tsala kuka, an yi rarrashi, an yi jijjiga, ta ƙi. Na ce a kwantar da ita a gadonki. Na shiga shago na ɗauki guduma na fara a hankali. Kafin in miƙe rodi ɗaya yarinya ta yi luf, ta saki hannuwa, ta tafi! Jininki ce, babu ko tantama! Sai dai gado ba baya ba ne, kuma tana girma kullum, ba za ta tsaya jiranmu ba. Gobe in likita ya zo zagaye, ki dube shi da idon nan da kika dubi injin a karo na biyu, ki ce masa kin yarda.

Ni naki ne tun ƙarfina yana cika hannu, naki ne yau da hannun ya fara rawa, kuma naki ne har ranar da za a rasa mai ɗaga gudumar.

Mijinki mai tinƙaho da ke,
Sarkin Hayaniya