Na Sayar Da Fim Ɗin Kaboyin Kawuna

Assalamu alaikum admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni.

Ni ɗan kasuwa ne, ina harkar kago, wato jigilar kaya, a unguwar Deira da ke Dubai. Kawuna da ya riƙe ni, shi ke kunna majigi a wata silima a Kano. Da aka rufe ta, ya adana faifan wani tsohon fim ɗin kaboyi cikin gwangwanayensa. Fim ne na ƙaramin jari, ɗan wasan da aka harbe a farko sai ka ga ya dawo da wata hula, amma Kawu ya haddace shi tas. Bara ya damƙa min ya ce, "Ɗana, can akwai injuna, a juye min a filashi in sake gani."

Mai shagon da na kai wa a titin Muraqqabat ya haɗa ni da wani Balarabe mai tara irin waɗannan finafinai. Balaraben ya buɗe gwangwani ya duba. Ya ce irinsa kaɗan aka buga, sauran an bar su sun ruɓe don ba wanda ya damu da su. Lokacin kwantenata ta maƙale a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, ina neman kuɗin fitar da ita. Ba zan yi kwana-kwana ba, na sayar, ko juyewar ban tsaya an yi ba. Na ce a raina, tsohon fim ne, ai zai manta.

Bai manta ba. Yanzu idonsa na dushewa, likita ya ce abin gaba yake yi. Na koma na roƙi Balaraben ya bari a juye sau ɗaya kawai. Ya ce, "Habibi, ranar da ya zama biyu, nawa ya zama banza. Khalas, magana ta ƙare." Na ce ya sayar min, ya ƙi. Na duba intanet, babu.

Jiya Kawu ya kira: "Ka ce musu su hanzarta, ko ba sauti a kawo. Ni zan riƙa faɗa muku abin da suke cewa." Na ce masa ana kan aiki. Da wane baki zan faɗa masa gaskiya? Abokina ya ce in saka masa wani kaboyin, ai ba ya gani sosai. Mutumin da ya san kukan kowane doki a ciki?

In faɗa masa gaskiya, ko in ci gaba da cewa ana kan aiki har idon ya rufe? Jama'a, me zan yi?