Taya Ɗaya Ta Rage wa Motar Baba Tsoho

Birnin Konni, ranar Alhamis.

Zuwa ga Kawu Shamsuddin, a Kwatano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kawu, kafin komai ina roƙon ka yi mini afuwa da na ɗauki bik na rubuto maka, alhali ba ka taɓa ba ni izini ba. Ni ce Ummusalma, ɗiyar ƙanwarka Jamila, wadda ke ɓuya bayan randa duk sanda ka zo gida. Na san ban kai in aiko maka da wasiƙa ba. Sau uku ina farawa ina yage takardar, wannan ce ta huɗu, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan maimaita karanta ta ba, don in na karanta ba za ta bar gidan nan ba.

Ina fatan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara buɗi a wurin aiki, ya tsare ku a hanya da gida. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara. Baba yana Malbaza wurin aiki, ƙarshen mako yake zuwa. Mama tana nan da ɗinkinta. Ni ina shirin jarrabawar birbe, ta gama ƙaramar sakandare, wata mai zuwa, ina neman addu'arka. Mahaifiyarku, Inna Hawa'u, ƙafafunta na damunta da safe, amma bakinta lafiya ƙalau. Mahaifinku Baba Tsoho kuwa idon ne ke ƙara ja baya. Yanzu da murya yake gane mutane, ni kuma da yake ba na yawan magana, ya ce da shiruna yake gane ni.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, makonni uku da suka wuce saƙo ya zo daga Tudun Aduwa, can bayan Illela ta hanyar Tawa, cewa Inna Ramatu, yayar Inna, ta kwanta ciwo. Ba ta aiko a kai mata magani ba. Cewa ta yi a faɗa wa Hawa'u ta zo ta gan ta kafin ruwa ya sauka. Ka san ƙoramar da ke gaban garin, in ta cika babu mai ƙetarewa da mota sai bayan damina. Da Mama ta tambayi mai saƙon ko jikin zai kai bayan damina, sai ya sunkuyar da kai ya ce ruwa yake son sha.

Ka kuma san Inna da mota. Bara an gwada sa ta a motar haya, ko Tsarnawa da ke nan kusa ba a kai ba aka sauke ta, ta yi amai har ta fita hayyacinta, sai da aka ƙara mata ruwa kwana biyu. Likita ya ce da shekarunta kada a sake. Babur kuwa ƙafafun ba za su ɗauka ba. Mota ɗaya ce a duniya da Inna ke shiga ta sauka lafiya, ita ce tsohuwar Fijon Baba Tsoho, samfurin da ake kira kat-san-kat, wadda ya yi shekaru yana ɗaukar albasa da ita daga Galmi. Inna ta ce motar ta san cikinta. Mama ta ce ba wani sani, tafiyar ce kamar ta hawainiya. Baba Tsoho ya ce duk wadda ta ƙara kiran motarsa hawainiya ta nemi inuwar da za ta yi ɗinki, don inuwar dogon yaron ta motar ce.

Injin lafiyarsa lau. Kowace Juma'a da hantsi Baba Tsoho yana laluba ƙofa ya shiga ya tashe ta, ya zauna yana saurare har ya gamsu. Tayoyi ne matsalar. Biyu na gaba suna da sauran rai, na baya kuwa rana ta cinye su, sun tsage kamar ƙasan tafki a rani, shi ya sa aka ɗora bayanta kan duwatsu. Malam Bilal makanike ya zagaye masu taya na Konni kaf, ya ƙetare iyaka har Sakkwato, ya aika Tawa. Ko'ina amsa ɗaya ce: an daina kawo irin wannan. Tayoyin yanzu faɗi gare su, ita kuwa siriri take so. Ya kawo wasu na gwanjo aka gwada, da an juya ƙafar sai ta goga jikin motar tana kuka. Wani mai taya ma ya tambaye shi ko motar a lahira aka bar ta, ya je can ya nema. Malam Bilal bai kawo wa Baba Tsoho wannan maganar ba, Mama ya faɗa wa.

Kawu, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A cikin motar nan nake karatu. In na dawo daga lakwal, wato makaranta, sai in ɗauki kaye, littafin rubutuna, in shiga gaba in zauna. Har yanzu kujerar na ƙamshin albasa da turaren Baba Tsoho. Da yake bayanta a ɗage yake kan duwatsu, in na daɗe a zaune sai in ji kamar tana gangarawa a hankali, kamar kwale-kwale. Ganyen dogon yaro na faɗowa kan gilashi, ni kuma ina ganin garuruwan da ke cikin littafin labarin ƙasa suna wucewa ta gefe. Na sha zuwa Kwatano a haka. Ban taɓa ganin teku ba, sai nake zana shi a raina kamar gonar gero mai faɗi da iska ke kaɗawa, sai dai shuɗi. Wata rana barci ya ɗauke ni da azahar, na ga Inna da Inna Ramatu a bayan motar suna ƴan mata, suna cin goruba suna jifan juna da ƙwallon. Na farka na tarar kaza ce ke tafiya a kan rufin.

Saboda yawan zaman nan na san zanen tayoyinta kamar yadda na san zanen tafin hannuna. To ranar kasuwa, ina dawowa daga lakwal, sai na ga sawu biyu a cikin rairayi, sirara, da zane mai lanƙwasa irin nata sak. Na tsaya ina kallo, har na yi tsammanin ita ce ta fita yawo ba tare da an sani ba. Na bi sawun, ya ratsa bayan masallaci, ya bi ta wajen masu tukwane, ya kai ni ga amalanken shanu da aka ɗora wa kara. Na durƙusa ina auna faɗin tayar da yatsuna. Ban ankara ba sai na ji murya a kaina tana tambaya ko ƴar duwan ce ni, masu karɓar haraji a iyaka, an turo ni duba takardun shanu. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Dattijo ne, sunansa Malam Mika'ilu, mutumin Tsarnawa. Ban san inda na samo bakin ba, amma na ba shi labari duka, idona a ƙasa.

Shi ya warware mini abin da masu taya ba su faɗa ba. Ya ce irin motocin nan da suka mutu, maƙera ne suka ciro ƙafafunsu na baya suka ƙera amalanke da su, don haka tayoyin ba ɓata suka yi ba, noma suka koma. Ya ce nasa ɗaya lafiyayya ce, ɗayar kuwa da waya aka ɗinke ta aka cusa mata tsummoki, tafiyar shanu kawai za ta iya. Washegari Malam Bilal ya je Tsarnawa ya duba, ya ce haka ne. Malam Mika'ilu ya yarda ya ara mana mai lafiyar kwana uku, ya ce shanun ma su huta. Sharaɗinsa biyu: a maido masa kafin ruwan farko, don da ita zai kai iri gona, kuma in an dawo a faɗa masa gudun da ta yi, don shekara goma ke nan tana bin bayan shanu, yana son ta tuna ita ma ƴar mota ce. Tun daga ranar Malam Bilal ke leƙa ƙarƙashin kowane amalanke da ya shigo gari, amma duk waɗanda ya gani ɗinkakku ne. Biyu namu, ɗaya ta aro. Taya ɗaya ta rage, Kawu.

Mama ce ta fara cewa a Kwatano, inda jirage ke sauke tsofaffin motoci da kayansu, ba za a rasa ba, kuma kai kana aiki kusa da wurin. Baba Tsoho ya ɗaure fuska. Ka yafe mini in na shiga abin da ya fi ni, amma ina tsakar gida ranar sallar nan, shekara biyu da suka wuce, da ka ce a gaban baƙi a sayar wa ƴan gwangwan da motar, kai za ka kawo sabuwa. Na san alheri ka nufa. Shi dai ba haka ya ji ba. Ya ce da Mama kada ta roƙe ka, ya ce da Inna kada ta roƙe ka, ya kira Baba a waya ya faɗa masa haka. Ina zaune a gefe ina tsince wake. Bai ambaci sunana ba. Kwana huɗu ina juya abin a raina, ko rashin ambaton sunan nawa izini ne ko mantuwa ce. Da na kasa, na je ɗakin Inna na tsaya ina wasa da labule. Ta dube ni ta ce ita ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba, amma ta ji an ce Malam Mustafa direba zai tashi da lodin albasa zuwa Kwatano ranar Asabar, kuma akwai ambulan a ƙarƙashin tabarmarta da ba ta san abin da za ta yi da shi ba.

Za ka ga wata takarda a naɗe cikin wannan, baƙa da zanen fensir. Lambar da ke jikin tayar ta shuɗe, ido ba ya ganin ta. Sai na tuna yadda malaminmu na lakwal ya koya mana ɗaukar zanen ganye, na ɗora takarda a jikin tayar na goga fensir a hankali, lambar ta fito kamar wadda ta taso daga ƙarƙashin ruwa: 165, sai harafi ɗaya, sai 15. Na haɗa har da zanen sawun, ko mai sayarwa zai fi ganewa. Ina cikin gogawa Baba Tsoho ya fito yana bin jikin motar da hannu. Ya ji ƙarar fensir, ya tambaya ko Madam Shiru ce ke yi wa motarsa jarrabawa. Na ce aikin lakwal ne. Allah ya yafe mini, rabinsa gaskiya ne. Bai ƙara tambaya ba. Hannunsa ya ci gaba da tafiya har ya kai wani lotsi da ke gefen ƙofar direba, ya tsaya a nan. Ya ce wani mai taurin kai ne ya yi shi, ranar da ya fara koyon tuƙi yana ɗan shekara sha biyar, ya nufi ƙofar gida ya samu katanga. Ya ce Bilal ya sha neman ya buge lotsin ya daidaita, shi ya hana. Na tambaye shi dalili, ya ce da me zai riƙa gane ƙofar.

Sannan ya faɗi abin da ban tambaya ba. Ya ce ko an samu tayar, Bilal ne zai ja, kuma Bilal yana kama giya kamar mai sare itace, Inna ba za ta kai Badagishiri da cikinta lafiya ba. Ya ce mutum biyu ne suka san hannun motar nan, ɗaya ido ya ƙare masa, ɗaya yana bakin teku. Daga nan ya koma ciki.

Kawu, taya nake roƙo, ita kaɗai na isa in roƙa. Malam Mustafa ya ce zai kwana biyu a Kwatano ya juyo, in hanya ta yi kyau cikin kwana goma yana Konni, kuma zai ɗauko ta a bayan motarsa. Da yamma gajimare ya fara taruwa ta gabas yana watsewa, tsofaffi sun ce da sauran mako biyu ko uku. Nakan zauna a motar in ga tayar can wajenku, a jingine bayan wani shago, iskar teku na busa ta, ba ta san ana jiran ta ba. Nakan ga kuma ranar tafiyar: an janye duwatsu, Inna a gaba da mayafinta mai ruwan toka, mun wuce Tsarnawa Malam Mika'ilu yana ɗaga wa tayarsa hannu, mun sauka cikin ƙorama tana busasshiya, Inna Ramatu ta ji ƙarar injin tun daga nesa ta ce a tashe ta zaune. Duk sanda na kai ga duba wanda ke riƙe da sitiyari sai in kasa ganin fuskarsa. Ban faɗa wa Malam Mustafa komai ba, shi da kansa ya ce a dawowa kujerar gabansa babu kowa.

Ka gaishe mini da matarka Tanti Badi'a da kyau, da ƙannena Yasmin da Khadija, ka ce musu kazar da suka sa wa suna ta yi ƴaƴa bakwai. Mama za ta gaishe ku in da ta san na rubuto. Inna ta ce ba ta san da wasiƙar ba, amma a faɗa maka ka rage shan sanyi.

In na yi kuskure, ka ɗora shi kan ƙuruciya. Ina neman izininka, in tayar ta zo ita kaɗai, in sake rubuto maka in ba ka labarin hanya, tun daga ƙofar gida har ɗakin Inna Ramatu. In kuwa ta zo da mai riƙe da ita, to ba sai na rubuta ba. Za ka same ni bayan randa.

Wassalam. Ɗiyarka mai girmama ka,
Ummusalma.