Zanen Kan Sandar Baba

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Tunda ka ƙi ɗaukar wayata, ga takarda nan Mama za ta miƙa maka, takarda kam ba ta da maɓallin kashewa.

Mama ta ce tun da aka yi maka aikin ƙugu ka ƙi saukowa daga gado, wai kai ba za ka dogara sandar ƙarfen asibiti ba. Likita kuma ya ce in ka ƙara mako guda a kwance, ƙafar za ta ƙage. Baba, tsoro nake ji, ko abinci ba ya shiga.

Shi ya sa na shiga ɗakin aikinka ba da izini ba. So nake in yi maka sanda da injin sassaƙan da ka haɗa da hannunka. Na fito da majuyin nan da ka saya ka bar shi a kwali, mai riƙe itace yana juya shi. Da na buɗe akwatin wutar sai na tarar direba uku ne kacal, ƙananan allunan nan masu tuƙa moto, kuma kowanne da aikinsa. Babu gurbin na huɗu. Na yanke shawarar zare wayar moton da ke kai tebur gaba da baya, in sa ta majuyin a wurinta. Na san da kana nan da tuni ka ce in ɗauke hannuna.

'Yarka,
Auta

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, gara ka ji daga bakina: na ƙona direba. Na zare wayar ban kashe wuta ba, abin da ka hana ni ya fi sau ɗari. Ƙauri ya tashi, injin ya yi tsit. Na zauna daɓas cikin garin katako, ina ganin na kashe maka inji, sanda kuma babu.

Da na ɗaga murfin akwatin zan rufe, sai ga wani direba sabo fil manne a ciki da salatif, da rubutunka a jiki: na ranar da Auta za ta yi gaggawa. Ashe haka ka ɗauke ni! Na yi dariya har da hawaye.

Na sa shi, wannan karon har fulogi na zare. Majuyin ya juya, amma kwamfutar da ke sarrafa injin har yanzu gani take tebur take turawa. Dole in ba ta lambar da za ta san zagaye ɗaya ya cika. Sau uku na yi lissafi, amsa uku na samu, na ɗauki ta tsakiya. Itacen guda ɗaya ne, kwana huɗu kuma suka rage cikin makon likita. Ka yi mini addu'a ko da kana fushi.

Mai laifi,
Auta

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma gode wa Allah. Da kunya na aiko maka da sandar jiya. Zanen igiyar da na sa injin ya sassaƙa, wanda ya kamata ya zagaye kanta, bai haɗu ba, ya bar giɓi kamar faɗin yatsa. Har na so in ɓoye ta, Mama ta fizge.

Ta ba ni labari tas. Ta ce ka jujjuya sandar, ka haɗe rai, ka ce babu haske a bakin gadon nan. Sai ka sauko da ƙafa, ka dogara ta, ka taka har taga don ka ga aibin da kyau. Taku tara, ta ƙirga. A can ka tsaya kana faɗa wai ban ƙirga haƙoran giyar majuyin da bel ke ja ba kafin in yi lissafi, ita tana kuka, kai ko lura ba ka yi a tsaye kake ba.

Na ƙirga haƙoran, gaskiyarka ce, na yi kuskure. Amma ba zan gyara lambar ba. Na bar akwatin wutar a buɗe, na share maka hanya. Daga ƙofar gida zuwa ɗakin aikinka taku ashirin da biyu ne, Baba, na auna da ƙafata.

Mai jiran faɗanka,
Auta