Na Yanke Kawunan Fataken Ƙanena

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana, kuma mai zagi ya bari sai ya kai ƙarshe.

Da farko, ƙanena ya tafi Japan koyon noman shinkafa. Wanda aka haifa a bakin fadamar Sabon Birni, wai sai ya haye teku za a nuna mishi shinkafa! Tsarabar da ya kawo kuwa takardun hotuna ne. An sassaƙa katako, an shafa launi, an danna a takarda, kowace da zango guda na wata tsohuwar hanyarsu. Mutane da hulunan kaba kamar Fulanin daji, wasu na gudu cikin ruwan sama, wasu sun ɗauko ƙato a kafaɗa suna haye gulbi. Wannan ne abin kallo?

Na biyu, ya nuna wa Baba, wanda ya yi fatauci da jakai a ƙuruciya. Tsoho ya dinga taɓa su yana dariya: "Ga madugu nan! Wanga kau raggo ne, dubi ɗaurin kayanshi." Na ce, "Baba, hoton mai rai ne fa." Ya ce, "Kai dai ba ka taɓa kwana zango ba."

Na uku, da ƙanena za shi koma aiki Sakkwato, ya ce, "Yaya, aje mini, ɗakinka ba ya yoyo." Ni kuwa ba na kwana da abin da ke hana mala'iku shiga ɗaki. Na samo reza, na bi su bi da bi, na cire kan kowane matafiyi, har dawakai. Duwatsu da itatuwa ban taɓa ba. Na mayar da su yadda ya jera su.

Yanzu Baba na kwance. Hanyar garin Isa ta ƙi biyuwa saboda 'yan bindiga, ko asibiti mun kasa kai shi. Shekaranjiya ya kama hannuna ya ce, "Ɗauko mini fataken nan in ga hanyar da mutane ke bi lafiya." Na ce makullin akwatin da suke ciki ya ɓace. Ni da ke dukan 'ya'yana kan ƙarya!

Har gobe ban ga darajar takardun nan ba. Amma amana ce, kuma kullum da hantsi sai Baba ya tambaya ko an ga makullin. In kai mishi hanya cike da matafiya marasa kai, ko in ci gaba da yi wa mahaifina ƙarya yana kwance?

Jama'a, mi za ni yi?